Bidiyon Da Ya Tashi Rugar Baffa Lado

Akwai wani saurayi ɗan Rurum Sabon Gari a ƙasar Rano, ana kiran sa Ɗayyabu. Masu bibiyar shafin nan, ku daure ku karanta labarinsa har ƙarshe, don ni kaina ranar da aka ba ni shi sai da na kife wayata na yi jugum.

Ɗayyabu ɗalibi ne a wata kwaleji a Kano, yana karanta harkar kasuwanci. Da dogon hutun damina ya zo, makaranta ta tura su aikin sanin makamar aiki, wanda ɗalibai ke ce wa ai-ti. Shi sai ya samu gurbi a wani ƙaramin kamfani mai yi wa 'yan kasuwa talla a soshiyal midiya. Aikinsu su ɗauki hoto da bidiyo, su ɗora, su jawo wa mai kaya masu saye.

Shugabar wurin, Anti Salma, mace ce da ba ta ɓoye-ɓoye. Tun ranar farko ta tara su ta ce:

"Kuna da yawa, kujera kuwa ɗaya ce. Wanda aikinsa ya fi jan mutane shi zan riƙe in ya gama makaranta. Sauran Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Maganar nan ta tsaya wa Ɗayyabu a rai. Yayansa Shamsuddeen ya daɗe da gama digiri, ga shi can yana jan adaidaitar wani tsakanin Rano da Kibiya. Ɗayyabu ya sha yi wa kansa rantsuwa cewa shi ba zai ƙare a haka ba.

To amma abin ya ƙi. Duk bidiyon da ya haɗa, in ka duba waɗanda suka kalla, daga shi sai 'yan ajinsu sai wata ƙanwar babarsa. Abokan aikinsa 'yan birni suna ta tara masu kallo, shi kuwa shiru kake ji. Hutu ya kusa ƙarewa, hankalinsa ya tashi matuƙa.

Ana cikin haka wani mai kamfanin yogot ya kawo aikin talla. Anti Salma ta kira Ɗayyabu ta miƙa masa robobi a leda.

"Kai ba ɗan ƙauye ba ne?" in ji ta. "Je ka gida ka samo min abin da 'yan birni ba su saba gani ba. Bafulatani na gaske, yana shan yogot ɗin nan yana jin daɗi. In mai shanu ya yaba, wa zai kushe? Amma ka tabbatar ya yarda fa."

Nan take Baffa Lado ya faɗo masa a rai.

Baffa Lado dattijo ne makiyayi, rugarsa na bayan Kibiya. Aminin mahaifin Ɗayyabu ne, Malam Murtala, tun suna samari. Duk shekara in an gama girbi, Baffa Lado kan koro garkensa gonar Malam Murtala, shanu su ci kara su bar taki. Shi ya sa gonar ba ta taɓa sanin takin zamani ba, kuma dawarta ta fi ta kowa a yankin. 'Yan shanun Malam Murtala ma suna cikin garken, amana. Ragon sunan Ɗayyabu kansa, Baffa Lado ne ya jawo shi da hannunsa.

Sai dai akwai abu ɗaya da kowa ya san dattijon da shi: filako, wato kunyar nan ta Fulani. Ba a taɓa ganin sa yana cin wani abu a kasuwa ba. Ko ƙishirwa za ta kashe shi, ba ya kurɓar ruwa a gaban surukansa. In ban da bukkarsa, wuri ɗaya ne tak yake sakin jiki ya ci abinci, wato ɗakin baƙi na Malam Murtala. Nan ma sai an saki asabari, mai gidan ya ce bari ya je ya dubo awaki, ya ba shi wuri. Ɗayyabu ya san wannan sarai, don yana ƙarami ya taɓa shan duka saboda ya leƙa.

Aka yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, kwana kaɗan da dawowarsa Baffa Lado ya zo gaisuwa. Ɗayyabu ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya fito da robar.

"Baffa, wata alfarma nake nema. So nake in ɗauke ka a waya kana shan wannan. Aikin makaranta ne."

Baffa Lado ya rufe baki da hannu yana dariya.

"Kai Ɗayyabu! Ni? In sha abu duniya tana kallo? Ko uwar 'ya'yana ba ta san yadda nake tauna ba. Zo ruga ka ɗauki shanu, su ba su da kunya."

"Baffa, minti ɗaya ne fa."

"A'a ɗana. Roƙe ni wani abin."

Da Ɗayyabu mai hankali ne, da nan magana ta ƙare. Amma ya koma zaure ya zauna, ya tuna kujerar Anti Salma, ya tuna adaidaitar yayansa. Zuciya ta ce masa, ai tsohon nan ko waya ba ya riƙewa, ina zai gani? Ku ji fa, wai a wannan zamanin!

Kafin a kai abinci, ya lallaɓa ɗakin baƙin ya kunna kamarar wayarsa, ya soke ta tsakanin buhunan masara. Ya ajiye robar yogot kusa da kwanon tuwo, ya fita.

Dattijon ya sha tafiya, ga yunwa. Da aka saki asabari ya ga ba kowa, sai ya cire malafarsa, ya miƙe ƙafafu. Ya buɗe robar ya shinshina, ya ɗanɗana, sannan ya kafa kai. Farin abin ya zubo masa a gemu. Da ya ƙare sai ya sa ɗan yatsa ya kwalfo na ƙasa ya lashe, ya ce da kansa, "Kai! Ashe 'yan birni ma sun iya."

Abin da kowane ɗan Adam ke yi ke nan in yana zaton shi kaɗai ne. Wallahi ni ma ina yi, ku ma kuna yi.

Ɗayyabu ya koma Kano ya gyara bidiyon. Ya sa masa wani kiɗa mai ban dariya, ya maimaita wurin lasar yatsan har sau uku. Anti Salma ta kalla ta yi dariya har da hawaye.

"Ya yarda dai ko?"

"Ya yarda, Anti. Baffana ne."

Aka ɗora. Kafin gari ya waye bidiyon ya bazu ko'ina. Dubbai suna kallo, suna tura wa juna. Masu sharhi daga Nijar, daga Kamaru, har daga Gana. Mai yogot ya bugo waya yana ta godiya. Anti Salma ta nuna Ɗayyabu a gaban sauran ɗaliban ta ce su yi koyi da shi. 'Yan kwanakin nan ƙafarsa ko ƙasa ba ta taɓawa don murna.

Abin bai daɗe ba ya iso Kibiya.

Ranar kasuwa Baffa Lado ya shiga kara, wurin cinikin shanu, sai ya ji samari suna ce masa, "Baffa, a lashe!" suna sa yatsa a baki. Bai gane ba. Ya zaci sabon shaƙiyancin yaran zamani ne, ya wuce abinsa.

Sai ranar da aka yi suna a rugarsa. Ɗansa Amiru ne aka yi wa haihuwa, dangin Jumai matar Amirun duk sun hallara, har da mahaifinta. Bayan an raɗa suna, wani baƙo ya kunna bidiyon don ya ba mutane dariya. Bai ma san mai gidan ne a ciki ba. Waya ta yi ta zagayawa daga hannu zuwa hannu, har ta shiga bukkar mai jego.

Jumai tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin surukinta ya kai ko ruwa bakinsa ba. Da ta ga fuskarsa da abu a gemu, sai ta saki wayar ta rufe idonta da zane, ta fashe da kuka. Mahaifinta ya sunkuyar da kai.

Baffa Lado ya ce a miƙo masa. Ya kalla daga farko har ƙarshe. Ya gane buhunan masarar, ya gane asabarin. Ya ɗauki sandarsa ya shiga cikin shanu, bai dawo ba sai da baƙi suka watse.

Bayan kwana biyu Amiru ya koro shanun Malam Murtala har ƙofar gida.

"Baffa ya ce a gaishe ka, Malam. Ya ce ga amanarka, ka duba ko akwai wadda ta rame."

Da Malam Murtala ya ji dalili, sai ya zauna a dakali. Ya sa aka kira Ɗayyabu a waya ya dawo gida. Bai dake shi ba, bai zage shi ba. Cewa kawai ya yi:

"A duk duniya ɗakina ne kaɗai mutumin nan yake shiga ya ajiye kunya ya ci abinci. A nan ka ɗana masa tarko. Ka ci amanarsa, ka ci tawa."

Ɗayyabu ya kira Anti Salma, ya faɗa mata gaskiya, ya roƙe ta ta goge bidiyon.

"Namu zan goge yanzun nan," in ji ta. "Amma sauran fa? Shafuka nawa suka kwafa? Wasu har sun ɗora muryarsu a kai. Wannan ya riga ya fita daga hannunmu. Kuma ni ce min ka yi ya yarda."

"Anti, ki yi haƙuri."

"Zan sa maka hannu a takardar makaranta, don ka zo aiki. Maganar kujera kuwa ka cire ta a ranka. Wanda ya ɓoye wa baffansa waya, ni ma wata rana zai ɓoye min."

Kwana da kwanaki yana bin shafukan mutane ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su sauke. Wasu suka sauke, wasu suka yi masa dariya, wasu ko amsa ba su yi ba. In an goge ɗaya da safe, kafin yamma wasu sun fito.

Daga ƙarshe ya yi ta maza ya tafi rugar. Ya tarar ana warware bukkoki ana ɗaura kaya a kan jakuna, alhali ko gero ba a fara yanka ba. Baffa Lado na zaune a gindin wata ɗorawa, ya naɗe fuskarsa da rawani, idanunsa kaɗai ake gani. Ɗayyabu ya zube a gabansa yana kuka.

"Baffa, ka yafe min. Don Allah kada ku tashi. Ni ne na yi laifi, ba Baba ba."

Dattijon ya dube shi ya ce:

"Na yafe maka, Ɗayyabu, duniya da lahira. Yaro ne kai. Babanka kuma ba ni da kamar sa. Amma yafiyata ba za ta cire abin nan daga idon Jumai ba. Ba za ta cire shi daga bakin yaran kasuwa ba. Na tsufa, ba zan iya zama inda ake nuna ni da yatsa ba."

"Ina za ku, Baffa?"

"Kudu. Inda ba a san fuskata ba."

Ɗayyabu ya tuna masu sharhin nan na Nijar da Kamaru da Gana. Ya san babu irin wannan wurin.

Matar Baffa Lado ta kawo masa nono a ƙwarya, don ba a barin baƙo ya koma da ƙishirwa. Ɗayyabu ya karɓi ƙwaryar ya riƙe. Sai dattijon ya miƙe a hankali, ya juya masa baya ya fuskanci shanu.

"Sha abinka, ɗana," in ji shi. "Ba na kallon ka."

Kaka ta zo, aka girbe dawa, kara ya bushe a gonar Malam Murtala ba saniyar da ta taka shi. Shekarar da ta biyo baya gonar ko rabin abin da ta saba ba ta bayar ba. Ɗakin baƙin kuwa Malam Murtala ya kulle shi, ya daina shiga. Har yau babu wanda ya san takamaimai inda Baffa Lado ya sauka.

Ɗayyabu ya gama makaranta, ya nemi aiki har ya gaji. Yanzu shi ke karɓar yayansa a adaidaitar nan in rana ta yi tsaka.

Kwanan baya ya ɗauko wani magidanci daga Rano zuwa Kibiya. Suna cikin tafiya sai ya ji kiɗan nan da ya zaɓa da hannunsa yana tashi daga kujerar baya. Mutumin yana ƙyaƙyata dariya, ya miƙo wayar ta gefen kafaɗarsa.

"Direba, don Allah ka taɓa ganin tsohon nan kuwa?"

Ɗayyabu bai waiwaya ba. Ya share ido da bakin riga ya ce, "Na san shi. Shi ya kawo ragon sunana."

Darasi: Wanda ya ce maka kada ka ɗauke shi, to kada ka ɗauke shi, ko da aikinka ya dogara a kan haka. Mutuncin mutum ba kayan talla ba ne, kuma abin da ka ɗora a waya ba ya dawowa ko an yafe maka. Ku tura wa 'ya'yanku da ƙannenku masu yawo da kamara a hannu labarin nan, ko Allah zai sa wani ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna.