Yadda Tsibirin Iya Ya Samu Suna

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara kogin birni ya cika ya batse. Da ruwa ya janye, sai ga tsibiri a tsakiya, jajur kamar jariri. Mutane suka leƙa, suka ce ikon Allah, kowa ya kama gabansa.

Jatau masunci ne ya fara hawa, ya je shanya taru. Rana tsaka ya ji murya daga ƙarƙashin yashi: "Wane ne kai?"

Ya ce, "Jatau."

Muryar ta ce, "Ara mini."

Da ya dawo, abokansa suka buɗe baki su kira shi, suna ya ƙi zuwa. Kwana uku inuwarsa ta dushe. Ran na bakwai, rigarsa kawai aka tarar kan tabarma.

Barmani mai wankau ta je shanya kaya. Ita ma haka.

Ta uku ita ce Ladidi, autar wata tsohuwar ungozoma. Ciyawar akuya ta je yankowa. Uwar ta dube ta, ta nemi sunan da ta shekara ashirin tana kira, ta rasa. Ta dubi ƙasa, inuwar yarinya ta soma yin shara-shara.

Tsohuwa ta gangara bakin ruwa, ta iske Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya.

"Zalɓe sarkin sa ido, me 'yata ta yi wa tsibirin nan?"

"Ba ita ba ce, Iya, ku ne. Kogi ya samu ƙaruwa a gabanku. Wa ya je barka? Wa ya raba goro? Akuyarki ma tana da suna."

"To, ka ba shi naka mana."

"Nawa? Har da wuyan zai gada. Ban yi masa wannan mugunta ba."

Tsohuwa ta sa rago da ƙwaryar goro a kwalekwale, ta tuƙa da kanta. A tsibirin ko kukan tsuntsu babu. Ta sa lauje ta yi masa askin suna, ta watsa goro a ruwa, ta ɗaure rago. Sannan ta durƙusa, ta kai bakinta ga yashi kamar kunnen jinjiri.

Ta raɗa, "Ɗanruwa."

Muryar ta ce, "Wannan da sanyi."

Ta raɗa, "Maikogi."

"Wannan ba a taɓa kiran kowa da shi ba."

Ta ce, "Ɗan nan, ka ci uku ba ka ƙoshi ba. Me kake so?"

"Na aro ba ya zama, Iya. Ina son mai ɗumi, wanda mai shi ya miƙo da hannu biyu."

Tsohuwa ta tuna sunanta a bakin uwarta, ta tuna ƙawayen da suka riga ta gidan gaskiya. Sai ta sunkuya, ta raɗa nata.

Yashi ya ja numfashi, ya sauke.

A birni wata maƙwabciya ta ce, "Ladidi, miƙo mini ludayi," ba ta ma san ta faɗa ba. Aka tuna Jatau, aka tuna Barmani, aka yi musu addu'a. Kwalekwale kuwa ya dawo gaɓa shi kaɗai.

Kun san ɗan da ya ci sunan babba ba a kiransa gatsal, sai a sakaya. Shi ya sa ake cewa Tsibirin Iya, ainihin sunan kuwa yana cikin yashi. Yau an dasa itatuwa, an yi gada, kuna zuwa wasa ran sallah. In kun ji an tambaye ku suna da rana tsaka, ku ce "Sannu, Iya," ku wuce.

Duk wanda aka haifa a unguwarku, ku je barka.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je ya tambayi Zalɓe.