Ƙofar Garkar Kanta

Akwai wani manomi a bakin tafkin Madarumfa ana ce masa Kanta. Shi ne shugaban masu garka, mutum mai ƙwazo, sai dai in ya faɗi magana ko uwarsa ba ta sa shi ya janye.

A shekarar babban fari ta 1973 gero bai yi ba, rumbuna duk sun koma wayam. Abin da ya rage wa unguwarsu shi ne garka guda ta rogo da dankali, wadda suka kewaye da shingen ƙaya. Ita ce abincinsu har damina. In ta tafi, sai gudun hijira.

Wata safiya aka tarar da garken shanu a ciki. Makiyaya ne daga arewa, su ma yunwa ta koro su. Shanun sun ture ƙofa sun cinye kusurwa ɗaya, masu su kuma suna ta fama su fitar da su.

Kanta ya tara maza da sanduna. Ya ce a toshe ƙofar da ƙaya, ko ɗan maraƙi kada ya fita sai jandarmomi sun zo.

Cikin taron akwai Ɗan Azumi, tsohon sojan da Faransa ta kai yaƙin Indoshin, kusa da ƙasar Sin. Ya riƙe hannun Kanta, ya ce can ya zauna da wani tsoho ɗan Sin mai sayar da magani, wanda ya gaya masa cewa sarakunan yaƙinsu na dā in sun kewaye abokin gaba, sukan bar masa hanyar gudu. Wanda ya ga hanya, gudu yake yi. Wanda bai gani ba, sai ya juyo.

Kanta ya yi dariya. "Baba, ku da aka koro daga yaƙin, kai za ka koya mani?"

"Don an koro mu na sani, ɗana. Bar masu ƙofa, don Allah."

Kanta bai bari ba. Aka toshe ƙofa, aka hau ihu da jifa.

Shanu suka firgita. Suka yi gabas, ƙaya. Suka yi yamma, sanduna. Suka dinga zagaye a cikin garkar, kofato yana tone dankali, rogo yana karyewa. Makiyayan da ɗazu suke ba da haƙuri suka zare takubba. Mata a bayan shinge suna kuka, don abincin 'ya'yansu suke kallo yana zama turɓaya.

Ɗan Azumi ne ya je ya janye ƙayar da hannunsa, jini yana zuba. Nan take garken ya fice, makiyayan suka bi. Amma garka ta riga ta zama fili.

Kanta ya kama saniya biyu da suka rage a baya, wai diyya. Ƙashi ne da fata, kafin jandarmomi su iso sun mutu.

Mako bai cika ba unguwar ta ɗaure kaya. Kanta ya ɗora iyalinsa a amalanken jaki za su tsallaka Najeriya neman abinci. Ya tsaya gaban tsohon, wanda hannuwansa ke naɗe da tsumma, ya kasa ɗaga kai.

"Baba, kusurwa ɗaya suka ci. Sauran ni na ba su."

Darasi: In ka fi ƙarfin wanda kuke rigima da shi, ka bar masa hanyar fita. Wanda ka toshe wa ko'ina, a kan abinka zai yi ta zagaye. Ku tura wa duk wanda ke jagorantar mutane, ko da gida ɗaya ne.