Likita da Sunan Wansa

Akwai waɗansu mutane a Birnin Kebbi da ya kamata a ce tuni an garƙame musu shaguna. Ba zan kira suna ba, sun san kansu. Suna zaune a saman bene fanka na kaɗa su, sun lulluɓe bango da hotunan jami'o'in ƙasashen da su kansu ba su taɓa takawa ba, suna dillancin karatu kamar dillancin albasa. Sai dai ba su kaɗai ke da laifi ba. Ba su taɓa zuwa gidan kowa sun jawo shi ba, da ƙafa ake hawa benen nan. Cikin waɗanda suka hau har da Alhaji Tamba.

Alhaji Tamba manomin shinkafa ne a Argungu, fadamarsa tana kan hanyar Gulma. Ni ke gyara masa injin ban-ruwa shekara da shekaru, don haka abin da zan faɗa ba a teburin mai shayi na tsinto shi ba. Mutum ne mai kyauta, ba ya danne haƙƙin ɗan ƙwadago. Ciwonsa ɗaya, ba ya iya ganin wani ya riga shi. Gidansa kuma gandu ne irin na da. Shanu, garma, babur, har gumin 'ya'ya, duk na maigida ne, shi ke cewa yau wane zai ɗauki mene.

'Ya'yansa maza biyu ne, uwa ɗaya. Hodi babba, Zulkifli na bin sa. Hodi ya ci jarrabawar gama sakandare da kyau, ya so ya shiga kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi. Alhaji ya ce ya dakata a gama noman rani, ya karɓi takardar sakamakon ya jefa akwatin ƙarfe tare da takardun gona. Noman rani ɗaya ya zama uku, domin hannun Hodi yana da albarka a fadama. Shi kuwa Zulkifli sau biyu yana zaunawa, lissafi da kimiyya suna kayar da shi.

Ana nan sai ɗan wani maƙwabci ya tafi ƙasar waje karatun likita. Tun yaron bai sauka daga jirgi ba aka fara kiran uban Baban Likita a bakin masallaci. Alhaji Tamba ya ji sau ɗaya, ya ji sau biyu, tuwo ya daina shiga. Ya ce in raka shi Birnin Kebbi tunda na san gari.

Dillalin da muka samu sunansa Labbo. Ya duba takardar Zulkifli, ya ajiye ta da yatsa biyu.

"Ranka shi daɗe, wagga ba ta kai yaro ko tashar mota. Babu wata a gida?"

"Akwai ta wansa," in ji Alhaji.

"Magana ta ƙare. Can ƙasar ba su san Hodi ba, ba su san Zulkifli ba. A yi mishi fasfo da sunan wan. Hoton da ke jikin takarda, bar ni da shi, wurin kwafi za ni canza."

A kan matakala na tare Alhaji. Ni ban iya ajiye magana a ciki ba.

"Alhaji, wagga sata ta."

"Sata? Wa na sata ma? Ni na biya makaranta, ni na biya jarrabawa. Takarda ta gida ta, kamar injin da kake gyara min. Wanda aiki ya kama shi ka ɗauka. Ka tsaya ga fulogi, ka bar min ɗiyana."

A fadama ya gaya wa Hodi, ina tsugune kan inji ina ji. Hodi ya kalli ruwan da ke bin kwali, wato hanyar da ke kai ruwa cikin gona.

"Baba, ni fa?"

"Kai ga ka ga gona. Shinkafa na tambayar takarda?"

"To sunana fa?"

"Sunan wa ya raɗa maka shi? Ba ragona anka yanka ba? Aro na. Shekara shida shi maido maka."

Hodi ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Haka aka tarbiyyantar da shi, kuma abin da ake yabonsa da shi ke nan.

Zulkifli ya tafi da sunan Hodi a fasfo. Kada wani ya ce malalaci ne. Yaron nan ya sha wuya. Ya koyi yaren mutane daga farko, ya maimaita aji, ya ci sanyin da bai taɓa jin labarinsa ba, har kansa ya buɗe ya zama ɗalibin kirki. Shekara shida ta zama bakwai. A nan gida Alhaji ya sayar da gefen fadamar da ya fi kusa da gulbi don karatun ya ci gaba. Hodi ya yi aure, ya haifi biyu, yana noma abin da ya rage. Duk shekarar da aka buɗe ɗaukar ɗalibai sai ya tambayi takardarsa, a ce masa tana can hannun makarantar ƙanensa, ya ƙara haƙuri.

Ranar da Zulkifli ya dawo an yanka sa. Unguwa ta cika, kowa na miƙo hannu a auna masa jini. Alhaji ya sha rawani, ya samu sunan da ya saya. Wata uku ya yi yana amsa Baban Likita.

Amma wanda ya yi karatu a waje ba ya taɓa maras lafiya a ƙasar nan sai ya je Abuja an tantance takardunsa, ya zauna wata jarrabawa, sannan a ba shi lasisi. Labbo bai taɓa faɗin wannan ba, Alhaji kuma bai taɓa tambaya ba. A wurin tantancewa ba su tsaya ga kwafi ba. Suka buɗe kwamfuta suka jawo ainihin sakamakon daga inda aka ajiye shi, da hoton wanda ya zauna jarrabawar. Ma'aikaciyar ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Yaron da ke ciki yana da tsagen Kabawa a kumatu, domin an haifi Hodi kakansu na raye, shi ya sa aka yi masa. Zulkifli bayan rasuwar tsohon aka haife shi, fuskarsa sumul.

"Wane ne wannan?" in ji ta.

Ya ce, "Yayana ne."

Aka rufe fayil ɗinsa. Aka rubuta wa masu jarrabawa, suka soke sakamakon Hodi baki ɗaya. Aka ce masa ya gode wa Allah da ba a haɗa shi da 'yan sanda ba.

Ni da Alhaji muka koma wurin Labbo, ko kujera bai ba mu ba.

"Ni kai shi na ce za ni yi, kuma na kai shi. Dawowa ba ta cikin maganarmu."

Na gaya masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Bai rage komai ba.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, Alhaji ya tara 'ya'yan nasa biyu a zaure. Na zo kawo inji, ya ce in zauna. Na ɗauka haƙuri zai ba su. Ashe dabara ya kwana yana saƙawa.

"Na yi tunani. Tunda suna na Hodi na, hoto na Hodi na, to Hodi shi tahi Abuja shi amso lasisin shi kawo ma ƙanensa. Duk gida guda na."

Zulkifli ya sunkuyar da kai. "Baba, ba amsowa aka yi ba. Jarrabawa ta. Maras lafiya za su aza mishi gaba."

"In sunka kawo min mai ciwon zuciya, Baba, in kwance mishi fulogi in hura?" in ji Hodi. Ba dariya a fuskarsa. "Takardar ma an soke ta. Shekara bakwai ina jiran aro shi dawo. Yanzu babu abin da za a maido. Ina roƙon a yanka min gonata, na fita gandu."

"Ina raye? Ba a raba gidana ina raye."

"To Allah shi ƙara maka rai, Baba."

Hodi ya tashi ya sa takalmi. Ya tsaya har aka yanke shinkafar shekarar, ya zuba ta rumbun ubansa bai ɗauki ko tiya ba. Sannan ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya koma Augie, yana ban-ruwa a gonakin mutane ana biyansa ladan yini. Sallah biyu ke nan bai taka Argungu ba.

Zulkifli yana tsaye a kemis ɗin wani a Birnin Kebbi, yana miƙa maganin ciwon kai. Digirin yana gida cikin leda, da sunan mutumin da bai taɓa shiga jirgi ba. Takardar da ke da sunansa na gaskiya kuwa ita ce wadda Labbo ya ajiye da yatsa biyu. Ya san aikin, na ga ya san shi, amma in ya taɓa mutum ɗauri ne. Alhaji ya kira ni bara in tayar da inji. Na tayar, ya yi ta ruri a bakin gonar da babu mai kama kwali, har ya ce in kashe.

Darasin ba ya buƙatar malami. Ɗanka amana ne a hannunka, ba kayan aiki ba. Kana iya aron garmar wannan ka ba wancan, amma suna da ilimi da gumin mutum nasa ne shi kaɗai, ko kai ka yanka ragon. Karatun da aka ɗora kan ƙarya, komai nisan ƙasar da aka kai shi, gida zai dawo a tone shi, kuma wanda bai ci ba shi ke fara biya. Son a kira ka da babban suna a bakin masallaci ba dalili ba ne na cinye rayuwar 'ya'ya biyu. Kai mai karatu, kafin ka la'anci Alhaji Tamba, duba danginku da unguwarku. In ba ka san gidan da aka danne ɗa mai haƙuri don a ɗaga wani ba, in ba ka san uban da ke shirin hawa benen nan da takardar da ba ta ɗansa ba, fito fili ka ce ƙarya nake yi.