Mijin Da Ya Fara Dafa Shayi

Akwai wani mai gyaran fanka da firiji da 'yan layinsu ke kira Injiniya. Bai yi makarantar abin ba, amma hannunsa yana ji. Idan aka kawo masa matattun fankoki biyu, sai ya kwance wannan, ya ciri wani abu a jikin wancan, kafin la'asar duka biyun suna juyawa. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ni ba abin da ya fi ƙarfin dabarata."

Wata rana aka ɗauke shi aikin wani otal a wani gari. Ya yi aikin da aka kira shi, ya ƙara da wanda ba a kira shi ba. Ya dawo da tsarabar takalmi ga 'yarsa, da wata tsarabar da bai san ya ɗauko ba.

Ba a jima ba fitsari ya zame masa wuta. Da safe kuma sai ya ga wani abu kamar mugunya ya ɓata masa wando. Ya daure, ya daure, da abin ya ƙi ya nemi asibitin da ya fi nisa da unguwarsu.

Aka gwada shi. Likitan ya ce, "Ciwon sanyi ne, irin wanda ake ɗauka ta saduwa. Yana jin magani. Za a yi maka allura, ga kafso kuma safe da yamma, ka shanye shi tas. Kana da iyali?"

"Ina da."

"To gobe ka kawo ta."

"Likita, ai ita lafiyarta ƙalau."

"Mata da yawa ba sa jin komai, alhali yana ciki yana ɓarna. Sai na gan ta, don nata maganin zai iya bambanta da naka. Kuma ku dakata da juna har ku gama."

Injiniya ya ce to, irin "to" ɗin da yake ce wa mai fanka idan ya ce gobe zai dawo karɓa.

A shago ya zauna ya zuba wa maganin ido. Ya kai ta asibiti ya ce mata me? Ya ɗauki kafso ɗaya, ya murɗa shi kamar yadda yake murɗa kan fanka, sai ga gari ya zubo a tafinsa. Ya yi murmushi. Na safe nata, na yamma nasa. Magani ɗaya ya tashi mutum biyu, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Washegari matarsa ta fito ta same shi tsugune gaban risho yana dafa shayi, mutumin da tun aurensu bai san inda ake ajiye ashana ba.

"Maigida, lafiya? Ko mafarki ka yi na mutu?"

"Haba Madam, mutum ba zai kyautata wa matarsa ba?"

Ya miƙa mata kofi, ta kurɓa, ta yamutsa fuska. "Da ɗan ɗaci."

"Sabon ganye ne, mai tsada. Bakinki ne bai saba ba."

Ya ƙara mata sukari, ta shanye tana yi masa addu'a.

Labari ya tsallaka katanga. Maƙwabciyarsu ta riƙa cewa, "Allah ya ba mu irin naki." Mijin maƙwabciyar kuwa har shago ya biyo shi: "Injiniya, ka ja mana masifa. Yau an ce in tashi in dafa shayi, ni da gemuna!"

Abin da Injiniya bai sani ba, matarsa tana da ƙaramin ciki. Tun bayan 'yarsu suke nema, ta taɓa samu ya zube, shi ya sa wannan karon ta yi shiru sai ya zauna. Shayin yana tayar mata da zuciya, wani lokaci ta amayar, ta ɗauka laulayi ne. Ba ta taɓa mayar masa da kofin ba, don kada ta kashe masa gwiwa.

Magani ya ƙare, shayi ma ya ƙare. Zafin fitsari ya lafa. Zancen su dakata da juna kuwa, tun a ƙofar asibiti ya bar shi.

Bayan 'yan makonni wutar ta dawo masa. Yana cikin zagin masu magani a ransa, sai ga kiran maƙwabciya: ya zo maza, matarsa na naɗe a ƙasa riƙe da mara, jiki ya yi zafi, ga ɗigon jini.

Kafin ya iso an wuce da ita asibiti. A can ya tarar da babbar yayarta ta riga shi zuwa, tana tsaye a kanta da mayafi ɗaure a ƙugu. Wata likita ce ke duba ta.

"Kin sha wani magani kwanan nan?"

"Ko na ciwon kai ban sha ba, saboda cikin."

Injiniya ya ce, "Wane ciki?"

Yayar ta harare shi. "Na maƙwabta. Kai dai ka iya gyaran fanka."

Likita ta sake tambaya, "Kin tabbata? Ina so in san abin da ke jikinki kafin in ba ki komai."

"Na tabbata."

Injiniya ya dubi matarsa, ta dafe mara da hannu biyu kamar mai tare ƙofa. Ya lalubi dabara, bai samu ko ɗaya ba.

"Ta sha," in ji shi.

Duka suka juyo.

"A shayi. Ni na zuba."

Ya zaro tsohuwar ledar maganin daga aljihun wandon aikinsa, ya faɗi sauran, kansa a ƙasa. Yayar ta cire takalmi ɗaya, sai da ma'aikaciyar jinya ta riƙe ta.

Likita ta karanta sunan maganin, ta ce, "Wannan ba a ba mai ciki shi. Da ka kawo ta, da akwai wanda ya dace da ita. Ka ba ta rabi bai warkar da ita ba, kai ka sha rabi, ka koma ka sake ɗauka. Malam, mutum ba fanka ba ne."

Aka kwantar da ita, aka yi mata gwaje-gwaje, shi ma aka sake yi masa, har da na sauran cututtukan da ke bin hanya ɗaya. Kowa aka ba shi nasa maganin cikakke. Allah ya taimaka, cikin bai zube ba.

Ranar da aka sallame ta, ya fara ba da haƙuri. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Abin da ka yi a can, wannan kai da Allah ne, kuma za mu yi maganarsa. Amma ka dubi idona kullum safe, ka miƙo mini kofi, ina sha ina yi maka addu'a? Da ka faɗa mini, kuka zan yi, in zage ka, in bi ka asibiti."

Ba ta bar gidan ba. Ta haifi ɗa namiji lafiyayye, har ya fara tafiya. Suna hira, suna dariya, tana wanke masa kayan aiki. Amma har yau, ko ruwa Injiniya ya miƙo mata, sai ta karɓa ta ce "sannu", ta ajiye a gefe, ta tashi ta ɗebo nata.

Darasi: Wanda ya kame kansa ya huta, wanda ba zai kame ba ya sa kwaroron roba. Idan kuwa an ɗauko, a je a gwada, a sha magani cikakke, a kai abokin zama shi ma a duba shi ko bai jin komai. Kada ka raba maganinka da kowa, kada ka ba mutum magani a ɓoye. Kunyar faɗin gaskiya ta ɗan lokaci ce, amanar da aka ci ba a gyara ta a shago. Ku tura wa wasu, musamman masu dabarar nan, kun san su.