Muryar Malam a Tsohuwar Kwamfuta

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Da daɗewa ne, tun lokacin da kwamfuta take da ƙaton kai kamar talabijin, akwatinta kuma yana ƙarƙashin tebur yana gurnani. Sunansa Hambali. Gyaran kwamfuta yake yi a wani ɗan shago a bayan tasha. Ba malami ba ne, ba ya jan baƙi, kuma in an yi taro ba wanda yake cewa a ba shi kujera. Ku saurara, don labarin nan naku ne. Ku na baya can, a mayar da wayoyi aljihu.

Wata rana da hantsi sai ga wata dattijuwa, Gwaggo Tabawa, mai kura ya turo mata akwatin kwamfuta lulluɓe da zane. Ta ce, "Ɗana, abar nan ta yi nauyi. In na kunna ta, sai na ɗora tukunya na sauke kafin ta buɗe ido."

Hambali ya duba, ya ga manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa ƙwarai. Ya ce, "Gwaggo, sabuwa zan ɗora mata a kan tsohuwar. Ki dawo gobe."

Bai tambaye ta abin da ke ciki ba. Bai kwafe komai ya ajiye a gefe ba. Wannan kuskurensa ne, ba zan ɓoye muku ba. Ya fara ɗora sabuwar manhaja, aiki ya kai tsakiya, sai aka ɗauke wuta. Kafin ya tayar da janareto, kwamfuta ta mutu. Da ya sake kunnawa, sai ta nuna tambari, ta yi ɗan jim, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Tambari, duhu, tambari, duhu. Tsohuwar manhaja ta tafi, sabuwa ba ta zauna ba.

Maƙwabcin shagonsa, Sagiru mai gyaran waya, ya leƙo yana dariya. Ya ce, "Injiniya, ka kashe wa tsohuwa akwati? Yi mata fomat mana, ka share komai, ka ɗora sabo fes. In ta yi magana ka ce ƙaddara ce. Wa zai yi musu da ƙaddara?"

Washegari Gwaggo Tabawa ta dawo. Hambali ya shimfiɗa mata tabarma, ya gaya mata abin da ya faru, bai rage ba. Sai ta ce, "To abin da ke ciki fa?"

"Me ke ciki, Gwaggo?"

Ta sunkuyar da kai. "Muryar Malam ce."

Malam mijinta ne, ya rasu. Malamin firamare ne, da ya yi ritaya ya sayi kwamfutar nan, ya riƙa ɗaukar karatunsa na Alƙur'ani da safe don ya saurara ya gyara harafi. Kafin ciwon ajali ya kwantar da shi ya nuna mata inda ake dannawa. Tun rasuwarsa, kullum in ta idar da sallar walha sai ta zauna ta kunna, gida ya cika da shi. 'Ya'ya sun watse garuruwa. Ɗakinsa yana nan, buzunsa yana nan, amma buzu ba ya magana.

Ku ji abin da baiwar Allah nan ta ce. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ba komai, ɗana. Ƙaddara ce. Wanda ya ɗauke mai muryar, shi ya ɗauke muryar."

Jama'a, kun ga ƙofar da ta buɗe masa? Ita da bakinta ta wanke shi. Ba ƙara, ba zagi, ba wanda zai sani. Ni da ku, mu faɗi gaskiya, da mun ce "Allah ya ba da haƙuri, Gwaggo," mun share faifai, mun tafi cin abincin rana.

Hambali ya ce, "Gwaggo, ɗauke wuta ƙaddara ce. Rashin tambayarki da rashin kwafewa, ni ne. Ki ba ni lokaci. Ban yi miki alkawarin za ta dawo ba, amma ba zan share ba."

Ya fara. Ya gwada tayar da ita ta hanyar gaggawa da masu gyara suke bi, ta ƙi. Ya gwada mayar da ita kan tsohuwar manhaja, ta ce babu abin komawa. Ya kwance akwatin, ya goge, ya cire ƙananan alluna ya mayar, duk a banza. Sai ya ciro had dis, wato faifan da kwamfuta take ajiye komai a cikinsa, don ya jona shi da wata kwamfutar ya leƙa. Nan ma cikas: faifan tsohon yayi ne, mai faffaɗar igiya kamar ɗamara, kuma babu kwamfuta ko ɗaya a shagonsa da take da bakin karɓarsa.

Ya rufe shago ya shiga wajen 'yan gwangwan, yana tona tarin ƙarafa a cikin rana. Masu wurin suna ce masa, "Malam, zinariya ka jefar ne?" Sagiru kuwa duk wucewa sai ya ce, "Har yanzu ana jinyar gawa, Injiniya? Ga masu aiki na zuwa suna komawa!" Da gaske suna komawa. Hambali ya ce, "Allah ya kawo wasu."

Gwaggo Tabawa kuma ba ta iya zaman gida ba. Bayan walha sai ka gan ta a bakin shagon, a kan tabarma, tana jan carbi. Ba ta tambaya. Wata rana ce kawai ta ce, kamar da kanta take magana, "Abin da ke ba ni tsoro, na fara mantawa. Fuskarsa ina gani. Amma muryar, in na nemo ta a kaina, sai ta zo kamar daga bayan katanga."

A ƙarshe ya samo wata tsohuwar kwamfuta mai irin bakin, ya gyara ta, ya jona faifan. Faifan ya juya, yana ƙas, ƙas, alamar shi ma yana gab da mutuwa. Ya buɗe. Ga fayiloli rututu, sabuntawar da ta lalace ta watsa su. Ya juyo ya ce, "Gwaggo, mene ne sunan Malam, in nema da shi?"

Ta kawar da kai. Kun san iyayenmu. Matar da ta yi zaman aure har tsufa ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, yau za ta kama a bakin tasha? Ta ce, "Sunan Annabin da kifi ya haɗiye."

Ya rubuta Yunusa. Suka fito.

Ya fara kwafewa ɗaya bayan ɗaya, ya saita fanka a kan faifan don kada ya yi zafi. Wasu suka kwafu, wasu suka ƙi. Ana cikin haka faifan ya yi ƙas na ƙarshe, ya tsaya. Fiye da rabi ya tafi, har abada. Hambali bai ce an samu duka ba. Ya ce, "Gwaggo, kaɗan na tsamo. Ki yafe mini sauran."

Ya jona lasifika, ya danna ɗaya. Muryar dattijo ta fito, a hankali, da ɗan tari, yana karatu. Sagiru da ya leƙo da shirin tsiya ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula ya mayar. Karatu ya yi nisa, sai aka ji Malam ya dakata, ashe ya manta bai kashe na'urar ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Tabawa! Kokon nan dai sai azahar?"

Tsohuwa ta zabura daga kan tabarma ta ce, "Na'am, Malam, ga shi nan."

Sannan ta tuna. Ta koma ta zauna a hankali, ta ce, "Ɗana, sake maido mini wurin."

To, ni abin da ke ƙona mini rai ke nan. Mun mayar da kalmar ƙaddara tsumman goge ƙazantar aikinmu. Magini ya rage siminti, gini ya faɗa wa mutane, ƙaddara. Direba ya san birkinsa ya cinye, ya cika mota ya hau titi, ƙaddara. An ba mara lafiya maganin da ba nasa ba, ƙaddara. Kuma mu da aka cuta, mu ne muke riga mai laifin faɗa, don kada a ce ba mu da tawakkali! Wa ya koya mana wannan? Imani da ƙaddara gaskiya ne, rukuni ne, amma wurinsa bayan ka ƙure ƙoƙarinka ne. Abin da ya mutu a faifan nan bayan Hambali ya yi duk abin da zai iya, shi ne ƙaddara. Abin da ya tsamo kuwa, da ya bi shawarar maƙwabcinsa, da sunansa sakaci, ko da duk garin sun kira shi da wani suna.

Gobe da safe wani zai miƙo maka abinsa: mota, ɗinki, ɗansa a aji, mahaifiyarsa a gadon asibiti. Ba ka san abin da ke ciki ba. Ka tambaya kafin ka taɓa. In ka ɓata, ka ce ni ne. In an yafe maka tun kafin ka nema, kada ka karɓi yafiyar ka gudu da ita, ka zauna ka gyara abin da zai gyaru. Allah ya ba mu ikon yi, ya jiƙan magabatanmu.