Tsohuwar Waya Ce Ta San Hanya

Akwai wata mata da ake kira Uwar Jirgi. Mijinta ya rasu ya bar mata jirgin kamun kifi, ɗansu ke tuƙa shi. Mace ce mai kafiya. Ko dillalan kifi sun san in ta ce a'a, an rufe ciniki.

Duk wayar wutar da ke jirgin nan marigayi ne ya ja ta da hannunsa. Har yau tana ganinsa kwance rub da ciki a ɗakin tuƙi, filaya a baki, tana miƙa masa kaya yana mita wai ba ta da sauri.

Wata rana hadari ya taso, oba-obar jirgin ta ɗauke, ɗanta ya kasa kiran gaɓa. Da ƙyar ya dawo. Sai ta sayi sabuwar oba-oba, ta kira wani matashi mai aikin wayarin ya haɗa ta.

Ya feɗe bakin tsohuwar wayar. Jan ƙarfen ciki ya koma kore, yana marmashewa.

"Inna, gishirin ruwa ya cinye ta. Sai an canja."

"Ɗan nan, kana zanen goyo aka ja wayar nan. Jona kayanka a kai, ka rage surutu."

"In na jona, yau za ta yi. Ranar da ɗanki zai neme ta a tsakiyar ruwa, ba za ta amsa ba."

"To tattara ka kama gabanka."

Bai tafi ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya tsuguna yana bin wayar da ido har inda ta shige wani bututu ta ɓace.

"Inna, ni ban san ta inda Baba ya bi ba. In na nemi tawa hanyar, sai na fasa katako. Amma in na ɗaure sabuwar waya a wutsiyar tasa, aka jawo tasa daga can gaba, ita za ta bi da sabuwar duk lungun da ya bi."

Ta leƙa bakin bututun.

"Wa zai ja?"

"Wa ya isa in ba ke ba?"

Ta gyara ɗaurin zani, ta durƙusa, ta shiga ja a hankali. Can sai ga wani wuri naɗe da tsumma mai furanni, inda marigayi ya kare wayar daga gogar ƙarfe.

Ta tsaya tana shafa shi.

"Ashe nan ɗankwalina ya zo. Ya rantse mini iska ce ta kwashe shi daga shanya."

Ta yi dariya, ta share ido da gefen mayafi, ta ci gaba da ja har bakin sabuwar waya ya faɗo tafin hannunta.

"Jona," in ji ta. "Amma ka ɗaure da kyau. Mai jirgin ba ya son aikin ganin ido."

Darasi: Girmama na gaba ba shi ne riƙe abin da ya ruɓe ba, bin hanyar da ya shimfiɗa ne. Kuma mai haƙuri kan buɗe ƙofar da gardama ta kulle. Ku tura wa duk wanda kewa ta hana shi gyara.