Ruwan Takobin Hakimi

An yi wani hakimi, Bagudu, mai girman kan tsiya. Ran nan ya kira Nomau maƙeri ya ce, "Ka ƙera mini takobi. Amma kada ka kuskura ka tsoma shi a ruwan da kake tsoma fartanyar talakawa. Abin da ya fi komai daraja a ƙasar nan, shi zai sha. In ka kasa, ka bar mini gari."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, man shanu fa?"

"Na saniya? Raina ni ka yi?"

"To, zuma?"

"Aman ƙwari!"

Nomau ya sosa ƙeya. "Saura gumin Hakimi ke nan. Ko akwai abin da ya fi shi daraja?"

Bagudu ya dubi fadawa, kowa ya sunkuyar da kai. Sai Bagudu ya ce, "Babu."

"To, a zo maƙera a kama zuga-zugi mu cika kwamin da za a tsoma takobin."

Hakimi ya tuɓe riga ya yi ta zuga, Nomau na tarar gumi da ludayi yana cewa, "A ƙara himma, ko gindin kwamin bai jiƙe ba."

Da rana ta take, Hakimi ya zube yana haki. "Ruwa!"

Nomau ya ɗebo masa daga tulun maƙera, inda ake ɗibar ruwan tsoma fartanya, Hakimi ya shanye tas.

"Ranka ya daɗe, da wannan da gumin, wanne ya fi?"

"Wallahi duk duniya ba kamar wannan!"

"Fadawa, ku ne shaida." Nomau ya zaro takobi jawur daga wuta ya tsoma shi a ruwan fartanya.